Kaucin da Ya Hau Lemun Mahaifiyata

Shekarun baya, kauci ya fito a kan lemun tsamin da ke tsakar gidanmu a Kurfi. Mahaifiyata ce ta kawo dashen daga Dutsin-Ma ana gobe za a kai ni ɗaki, kuma ba ta rayu ta ga 'ya'yansa ba.

Ni da ba na zuwa ko'ina, kullum ina gindinsa ina tsintar wake, ni na fara gani. Wani ganye mai kauri ya tsiro a jikin reshe, ba shi da saiwa a ƙasa, furanninsa sirara masu jan kai kamar ashana. Sai da na yi sati ina nuna wa maƙwabta ina taƙama, wai lemuna ya yi kwalliya. Daga baya na lura reshen ya kumbura inda ya kama, ganyen da ke gaba da kumburin kuma yana bushewa.

Kawun maigidana, mai haɗa magani, wanda muke kira Baba, ya leƙo ran kasuwa ya gan shi. Ya ce, "'Yar nan, kaucin lemu ba a samunsa da arha. Kada wanda ya taɓa min, ni zan riƙa ɗiba."

Na yi wa maigidana magana. Ya ce, "Kina so in yi musu da Baba a kan itace?"

Baba yana tsinkar ganye, kauci yana ƙara tofowa, don saiwarsa tana cikin reshen tana shan ruwan lemun. Har reshe na biyu ya kamu.

Wata safiya na kife turmi na hau, duk da nauyin jikin nan nawa, na sare rassan biyu ƙasa da kumburin, na shafe wurin da laka. Na ɗaure su a sabon buhu, na haɗa da ƙwaryar fura, na kai masa har gida. Na durƙusa na ce, "Baba, tsuntsaye na ta cinye maka. Ga shi duka na kawo."

Ya daɗe yana kallon buhun. Sai ya yi dariya ya ce, "Kin ɗaure ni, ja'ira. Wa ke mai da kyauta? Allah ya yi miki albarka."

Da damina ta zagayo, lemun ya yi 'ya'ya har sai da muka tokare rassa. Kwanon farko Baba na aika wa.

Har yau ina bin rassan ina goge ƙwayar kauci mai danƙo da tsuntsaye ke liƙawa. Duk lokacin da na matsa lemun nan a kunu, ji nake mahaifiyata ta leƙo ta tarar ban bar mata shi ya mutu ba.