Waƙar Ɗan Fari

Tun ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, nake tara faya-fayan sol, kiɗan baƙar fatar Amurka da ya rikita samarin Yamai lokacin da muke yara. Da na aje aiki sai abin ya zama mini sana'a marar riba. Matata, wadda ta tsufa a aikin jinya, takan ce ta ga masu ciwo iri-iri, amma mai ciwon tsohon faifai sai a gidanta. Ɗakin baƙi na cika da su, a tsaye cikin akwatunan katako, nesa da taga, don zafin garin nan yana lanƙwasa faifai kamar kyandir.

Na Amurka ba su dame ni sosai ba, an san masu su. Abin da nake farauta shi ne na 'yan gida, samarin da suka sa wando mai faɗin ƙafa suka koyi kiɗan da kunne, suka je Legas aka buga musu 'yan kwafi, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Irin wannan na samu cikin adakar wani tsohon ma'aikacin gwamnati ɗan Damagaram, da magadansa suka rasa yadda za su yi da tarkacensa. Ƙaramin faifai ne, wanda muke kira karansank. Gara ta cinye rabin takardar tsakiya, babu sunan mawaƙi ko ɗaya. Waƙar gaba ta rawa ce, da Ingilishi na kame-kame, ba ta taka kara ta karya ba. Ta baya ce ta kama ni. A hankali take tafiya, da Hausa, wani mutum yana kiran sunan jariri yana lallashinsa, yana gaya masa ya girma ya fi ubansa. Na saurari manyan mawaƙa da yawa, ban taɓa jin muryar da ta sa na aje kofin shayi na zauna a ƙasa ba sai wannan. Matata ta sha cewa in bari a kwafe ta a wayar salula. Na ƙi. Masu tara kaya muna da wani girman kai na banza, muna son a ce abu a hannunmu kaɗai yake.

Shekara uku na yi ina neman mai muryar. Na bi tsofaffin ma'aikatan rediyo, na bi masu tsofaffin gidajen rawa waɗanda yanzu suke sayar da siminti. Wannan ya tura ni wajen wancan, har na faɗa Tondibia, wajen wani tsoho Bazabarme mai lambun salati da albasa a bakin gulbi, wanda aka ce shi ya busa ƙahon Turawa a ƙungiyar da ta yi faifan. Na ɗan rera masa farkon waƙar da muryata ta kwaɗo. Ya aje butar ban ruwa, ya yi dariya har da tari, ya ce ai wannan Alhajin gidan waya ne na unguwar Yantala, mutumin garin Tawa, amma in na je kada in ce shi ya aiko ni.

Alhaji dogo ne, siriri, da farin gemu, kullum a kan tabarma a ƙofar gidansa da carbi. Zuwana na farko, da goro a hannu, ya ce ban sami gidan ba. Na biyu ya ce ya taɓa jin labarin waɗannan yara, Allah ya shirye su. Ni kuwa naci ne da ni, tsohon malamin lakwal ba ya gajiya da maimaita tambaya. Na ci gaba da zuwa muna hirar tsadar shinkafa da ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki. Wata ranar Talata, ba tare da na tambaya ba, ya ce mai ganga ne ya ɓata musu waƙar gaba, sauri gare shi kamar ana korar sa.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ba ni labarin tafiyarsu Legas a bayan babbar motar albasa, da yadda suka kwana biyu suna jiran a ba su ɗakin ɗaukar murya na awa ɗaya. Ya ce kwafinsa da hannunsa ya ƙone shi bayan ya dawo daga Makka, kuma bai yi nadama ba. Duk lokacin da wani daga cikin gida ya zo wucewa sai ya sauke murya ya koma zancen shinkafa. Na lura da haka sarai, ba zan ce ban lura ba.

Da na tambaye shi jaririn da ke cikin waƙar baya, sai ya ja carbinsa. Ya ce ɗansa ne na fari, an haife shi saura kwana kaɗan su tafi. A gidansu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukar sa a gaban mutane, ko kallon kirki ba ya yi masa, kunya ce. Shi kuwa son yaron ya cika masa ciki ya rasa inda zai kai shi. Da ya ga ya yi nisa da gida, babu surukai babu iyaye, sai ya faɗi sunan a gaban na'ura iya son ransa. Har yau, in ji shi, yaron ya yi furfura, bai taɓa kiran sa da sunansa ba, sai dai "kai" ko "wannan".

Na roƙe shi ya zo gidana ya saurara sau ɗaya. Ya ce sai bayan Babbar Salla. Kwana tara kafin Salla ya kwanta, kwana biyu a likita, shi ke nan.

Ranar sadakar uku na je gaisuwa. Maza cike da rumfa a kan tabarmi, kowa yana faɗin alherin mamaci. Wannan ya ce sahun farko bai taɓa wuce shi ba, wancan ya ce shi ya sasanta shi da ƙanensa. Mu a coci, in mutum ya rasu, mukan tashi mu faɗi baiwar da Allah ya yi masa, murya kuwa tana cikin manyan baiwa. Ba uzuri nake nema ba. A Dogonduci aka haife ni, rabin dangina Musulmi ne, na san abin da ake faɗa a zaman makoki da wanda ba a faɗa. Amma zuciyata ta cika, ina ganin ana ta yabon rabin mutum. Sai na buɗe baki na ce Allah ya ba marigayi muryar da ba a yi irinta ba a ƙasar nan, ya yi faifai a Legas, yana nan a gidana.

Wani dattijo ya gyara hularsa ya ce a yi fatiha. Aka shafa, na tashi na nemi takalmana, ƙafa ɗaya ma ta wani na fara sawa.

Bayan mako guda, da la'asar, aka yi sallama a ƙofata. Babban ɗan Alhaji ne, ɗan kasuwa mai shagon yadi, kamarsu ɗaya da uban har tsayi. Ya ƙi kujera, ya zauna a tabarma. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya gode mini da zaman da nake yi da tsohonsu. Sannan ya ce su ba su taɓa sanin wannan magana ba, ya kuma tambayi malaminsa, an ce masa muddin ana sa waƙar, ana ƙara wa mamaci nauyi a kabari. Ya zo roƙo ne in ba shi faifan.

Raina ya ɓaci, na kuma nuna. Na ce masa wannan tarihin ƙasa ne, babu wani kwafi a duniya da na sani, Allahn da ya ba da murya ba zai kama mutum don ya lallashi jariri ba. Na yi ta zuba kamar ina gaban 'yan aji. Bai katse ni ba. Da na gama ya kira ni yadda ake kiran malamin lakwal, ya ce, "Mushe, kai waƙa kake tsoron ta ɓata. Ni ubana nake tsoro wa."

Sai na fito da abin da na ɓoye na ƙarshe, na gaya masa waƙar baya tasa ce, don shi aka yi ta, sunansa ne a ciki daga farko har ƙarshe. Na faɗa masa duk abin da Alhaji ya faɗa mini a kan tabarma.

Ya sunkuyar da kai. Matata ta kawo ruwa ta aje, bai gan ta ba.

"Da bakinsa ya faɗi sunan?"

Na ce da bakinsa, ba sau ɗaya ba. Na ce ga garmaho nan, minti uku ne kawai, ya ji sau ɗaya, daga nan ya yi yadda ya ga dama.

Ya dubi garmahon. Na tashi har na ɗaga murfin.

"A'a, Mushe. In na ji, shi za a rubuta wa."

Na sa faifan cikin rigarsa ta takarda na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya tambaye ni ko akwai shi a salula ko a wani wuri. Na ce babu, kuma gaskiya na faɗa. Ya yi godiya, ya ce Allah ya bar zumunci.

Na raka shi bakin titi inda ya aje motonsa, wato babur. Bai sa faifan a aljihun moto ba, ya zura shi cikin babbar rigarsa ta wajen ƙirji, ya dafe da hannu ɗaya, ya tayar da moton da ɗayan. Ban tambaye shi abin da zai yi da shi ba, har yau kuma ban tambaya ba. Mukan haɗu a kasuwa mu gaisa, ya tambayi mutanen gida, in tambayi nasa.