Masai Mai Kallon Gabas

Ranar da Inna ta faɗi a bayan gida na rantse ba za ta ƙara taka wurin nan ba. Gidanmu a cikin Birni yake, tsohuwar unguwar Damagaram, tsohon gidan ƙasa da mahaifinmu ya rasu ya bar mini, kuma salgarsa tana can ƙuryar tsakar gida, bayan turken awaki. Rami ne mai murfin katako, sai an tsuguna, ga Inna gwiwoyinta sun daɗe da gajiya. Da hantsi abin ya faru, ina biro wajen aiki. Matata ce ta ji kira, ta je ta same ta zaune a ƙasa, buta ta kife, zani ya jiƙe, ta kasa tashi. Da na dawo aka faɗa mini, tuwon ranar bai wuce mini ba.

Ni ne ɗanta na fari, Inna kuwa mutuniyar da ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallona ido da ido, ba ta aike na kai tsaye. Ko ina tsaye a gabanta sai ta juya wajen matata ta ce, “Ki ce wa mijinki kaza.” Ƙannena in sun zo sai su haye gadonta su yi ta zuba, ni iyakata bakin ƙofa, in durƙusa in gaishe ta, ta amsa tana gyaran tabarma. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, kunyar ɗan fari ce, haka na buɗe ido na gani. Sai dai tun ina yaro na saba yi mata magana da aiki, tunda ta baki babu hanya.

Saboda haka na yanke shawara ni kaɗai. Za a gyara ɗakinta, a huda ƙofa zuwa ɗan ɗakin ajiyar da ke manne da shi, a mai da shi dush, wato ban-ɗakin wanka, da pampo, da masai na zama. Na karɓi konje, wato hutu daga wajen aiki. Matata ta ce mu kira maso, wato magini, na ce ba maso, ba mai haɗa pampo, hannuna ne zai yi. Gaskiyar magana so nake Inna ta jingina da bangon da ni na shafe. Muka kai ta garin Dogo wajen ƙanwarta, muka ce ta huta har mu gama.

Kai, ɗakin tsohuwa ba a raina shi. Muka fitar da gadon ƙarfe mai rumfa, da jeren kwanonin da ta zo da su tun na aure, da ƙullin tsummokarai waɗanda matata ta hana ni kwancewa. Da muka ɗaga kai sai ga azara gara ta cinye ta, ka taɓa da yatsa gari ya zubo maka a ido. Muka sake waɗanda suka mutu. Matata ta ɗaure hanci da ɗankwali tana kwaɓa siminti, ni ina kan tsani da waya a hannu, ina kallon wasu Turawa suna koyar da shafe bango. Su bangonsu a miƙe yake, namu kuwa bangon ƙasa ne, kowane gefe da inda ya ga dama ya karkata. In na shafa ya zubo sai ta ce, “Sannu babban maso, a ƙara kallon wayar.” In harare ta, ta yi dariya, mu zauna cikin ƙura mu ci ƙosai. Ba zan ɓoye ba, kwanakin nan sun yi mini daɗi.

Muka yi wa ɗakin fenti shuɗi mai haske. Na kafa doguwar sandar ƙarfe a jikin bango, daga bakin gado har ƙofar dush, don ta riƙa dafawa. Karo kuwa, wanda ’yan Kano ke ce wa tayil, wajen wani Bakano na saya a kasuwa, ya zuba ruwa a kai ya sa na taka da ƙafata don in ga ba ya santsi. Mai ruwan ƙasa na zaɓa, don kada datti ya nuna.

Tsohuwar salgar na rufe bakinta ruf da siminti, na bar ramin ya zama inda sabon masai zai riƙa zubawa. Na ja tiyo, wato bututu, daga can zuwa dush, kuma hanya mafi kusa ta bangon yamma ta shigo. Sai na jingina bayan masan da bangon yamma. Lissafina ke nan gaba ɗaya, tiyo ya tafi a miƙe, kada ya toshe. Ina durƙushe ina daidaita shi, matata na tsaye da kwanon kwaɓi, sai ta ce, “Maigida, ɗan tsaya. In mutum ya zauna a nan ai...”

Ban bari ta ƙarasa ba. Rana ta dafa ni, hannuna ya tsattsage, na ce, “Tun safe kike ɗan tsaya, ɗan tsaya. Ke kika kalli yadda ake yi ko ni? Siminti na bushewa, miƙo mini.” Ta ajiye kwanon a gabana, ta ce, “To, Allah ya ba da sa’a.” Na dasa shi, na zagaye gindinsa da karo, na yi masa kyau har ina ja da baya ina kallo. Wanda ya zauna a kai, fuskarsa tana kallon gabas sak, inda muke fuskanta in za mu yi salla. Ni da nake salla sau biyar a gidan nan, ko a raina abin bai zo ba.

Da Inna ta dawo, ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana duba sama da ƙasa. Ta dafa sandar ƙarfen ta bi ta a hankali har ƙofar dush. Nan ta daɗe. Ta kalli masan, ta kalli bangon da ke gabansa, ta waiwayo ta kalli dardumarta da matata ta shimfiɗa mata. Ni ina bakin ƙofa kaina na fashewa, na ɗauka mamakin kyan aiki ne ya riƙe ta. Ta juya wajen matata ta ce, “Ki ce masa Allah ya yi albarka. Allah ya ba shi masu yi masa.” Ranar har hotuna na aika wa ƙannena, ina jiran yabo, kuma na same shi.

Lokacin bazara ne, irin zafin Damagaram da duwatsun Birni ke riƙewa su yi ta huro wa mutum har bayan la’asar. Sai Inna ta tsiri wata sabuwar al’ada. Kullum da hantsi ta ɗauki sandarta ta tsallaka lungu zuwa gidan wata tsohuwar ƙawarta, ta ce za ta gaishe ta. Lungun nan duk duwatsu ne da kwata, amma ni murna na yi. Na ce wa matata, “Kin gani? Ɗaki ya yi daɗi, har ƙafa ta saki.”

Daga nan sai fura ta fara dawowa daga ɗakinta kusan yadda aka kai ta. Tuwo loma kaɗan. ’Yar randar da ke bakin gadonta, in matata ta je ƙara ruwa sai ta tarar ba ta ragu ba. Leɓen Inna ya bushe, ta rame, magana ma sai a hankali. Ni kuma me na yi? Matata na tasa a gaba. Na ce gishiri ya yi yawa a miya, na ce furar ta yi tsami, na ce ba ta kula da uwata. Ta haɗiye duk wannan, ta sake dahuwa, kwano ya sake dawowa. Har yau in na tuna maganganun da na yaɓa mata sai kunya ta rufe ni.

Wata rana bayan azahar Inna ta tashi daga kan darduma, jiri ya kwashe ta. Allah ya sa sandar ƙarfen na kusa, ta zame a hankali, ba ta bugu ba. Muka sa ta a adaidaita sai gidan likita. Likitar, wata matashiya, ta duba ta, ta ja fatar hannunta ta saki, fatar ta tsaya a tattare. Ta ce jikinta ya bushe, har abin ya taɓa ƙoda. Ta dube ni ta ce, “Ba ku ba ta ruwa ne a gida?” Raina ya ɓaci, na ce matar da pampo ke cikin ɗakinta? Sai ta sa aka ɗaura wa Inna ƙarin ruwa.

Washegari ƙawar nan ta Inna ta zo dubiya. Ita ta goya ni ina jariri, don haka ba ta jin nauyin bakina ko na kowa. Da ta fito daga ɗakin marasa lafiya ta same ni a baranda, ta zauna kan benci ta ce, “Zo nan, kai. In ka tsaya salla a ɗakin uwarka, ina kake dubawa?”

Na ce, “Gabas mana, Iya.”

Ta ce, “To wanda ya zauna kan farin abin nan naka, ina yake dubawa?”

Ta ci gaba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce Inna ta gwada zama a karkace, bango ya tokare mata gwiwa. Tsohuwar salga na toshe ta. Namu ban-ɗakin kuwa a cikin ɗakin kwanana yake. “Ka taɓa ganin ta taka ƙofar ɗakinka? To gidana take zuwa, sau ɗaya a yini. Don sau ɗayan ya ishe ta ta daina shan ruwa. Na ce ta faɗa wa matarka, ta ce a’a, yaron ya sha wahala, hannunsa duk ya tsattsage.”

Ashe ta ga hannun. Matar da ba ta kallona ta ga hannuna, ni da nake zuba mata ido kullum ban ga ƙishirwarta ba.

Da a ce nan na tsaya da da sauƙi, amma halina bai bar ni ba. Bayan magariba na tare limamin unguwarmu na tambaye shi, ban ce gidana ba ne. Ya ce malamai da yawa sun sassauta in wurin ginanne ne, mai bango, ba fili ba. Na ji wani sanyi, na ce ashe ban yi laifi ba. Da safe na ɗauko maganar nan na nufi gidan likita da ita. Na durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda na saba. Inna na kwance fuskarta wajen bango, allura a hannunta, matata na zaune a gefenta.

Na ce, “Inna, na tambayi malam a kan...”

Ta ce wa matata, “Ki ce masa kada ya taɓa kome. Aikin ya yi kyau. Ni ce tsohuwa.”

Tun kafin a haife ni matar nan ba ta taɓa juya wa alƙibla gaba a irin wannan hali ba, ni kuma na zo da fatawa don in ci gardama a kan mai allura a hannu. Na tashi na fita, na tsaya bayan wata bishiyar dogon yaro na share fuskata.

Ranar na ɗauko guduma da kurfi. Kafin in buga na kira matata na ce, “Zo ki tsaya, ki nuna mini inda ya kamata ya duba.” Ba ta ce ai na fara faɗa maka ba, kuma da ta faɗa da na fi samun sauƙi. Ta shiga ta tsaya, ta juya kudu, ta ce, “Nan.” Na farfasa karon da na yi ta alfahari da shi, na tone tiyo na sa masa gwiwa, na juya masan. Na sa ta zauna a kai da kayanta don mu ga ko akwai wurin miƙe ƙafa. Bakanon ya ce mai ruwan ƙasa ya ƙare, sai fari, don haka har yau akwai farin faci a jikin bangon yamma, kullum na shiga gyaran pampo sai mun haɗa ido da shi.

Da za a sallame ta likitar ta ce ƙodar ba za ta koma kamar da ba, sai dai a yi ta lallaɓawa, kuma ruwa kada ya yi nisa da ita. Muka dawo gida da hantsi. Inna ta dafa sandar ƙarfen ta bi ta har ƙofar dush, ta leƙa, ta shiga ta ja ƙofa. Ni da matata muka koma tsakar gida muka tsaya kamar masu jiran hukunci. Can muka ji ƙarar ruwa.

Da ta fito ta zauna bakin gado, ta ce wa matata, “Ba ni ruwa.” Matata ta cika moɗa daga randa ta miƙa mata. Ina durƙushe a bakin ƙofa ina kallon maƙogwaronta yana hawa yana sauka, ba ta sauke moɗar ba sai da ta ga ƙarshenta. Ta numfasa. Sannan ta miƙo moɗar ta gefena, ba ta gefen matata ba, fuskarta na kallon bango, ta ce, “A ƙara.”