Maharbiyar da Yayana Ya Zaɓa

Duk abin da zan manta a rayuwata, ba zan manta da ranar da na bi kwamfutar marigayi yayana daga Bungudu har Tsafe ba.

Yayana yana da wani wasan kwamfuta mai dogon labari, irin wanda kai ne jarumin, abin da ka zaɓa shi labarin zai bi. Ni 'yar kallo ce, ina gefensa ina tsinkar zogale. Cikin abokan tafiyar jarumin akwai mata biyu, wata gimbiya da wata maharbiya mai kaifin harshe. Na dage sai gimbiya. Ya ce, "Ke dai ƙanwata, maharbiyar nan ba ta taɓa yi mini ƙarya ba." Wata biyu yana lallashinta kafin ta saurare shi. Ya gama wasan, yana ɗokin kashi na biyu, sai ciwo ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan shekara guda kashi na biyun ya fito. Wani abokin yayana a nan Gusau ya bayyana mini cewa sabon wasan yana karanta ajiyar tsohon, wato bayanan duk zaɓin da mai wasa ya yi. In akwai ta, maharbiyar za ta gane jarumin, soyayyarsu ta ɗora daga inda ta tsaya. In babu, wasan ya haɗa shi da gimbiya, maharbiyar kuwa ta wuce shi kamar baƙo. Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Kwamfutar kuwa Baba ya riga ya ba ɗan kawunmu na Bungudu saboda karatu. Washegari da safe na roƙi Inna ta bar ni in je Bungudu, ta ce, "Je ki, amma kada magariba ta yi miki a hanya." Ina isa ɗan kawun namu ya ce mini, "Ai jiya abokina mai gyara ya tafi da ita Tsafe, zai goge komai ya sa sabo." Muka kira, lambar ba ta shiga.

Ko ruwan da aka kawo mini ban sha ba. Na koma Gusau, na sake mota, na sauka Tsafe bayan azahar, na yi ta tambaya har na gano shagon. Ga kwamfutar a buɗe a gaban mai gyaran.

"Malam, don Allah dakata!"

Ya ɗago. "Mi ya faru, Hajiya?"

Na faɗa masa. Ya ce, "Kan wasa kika yi wagga tafiya?"

"Na yayana ne. Ya rasu."

Nan take ya koma kan kwamfutar. Ya nemo ajiyar, ya kwafe mini a filas biyu, wai ko ɗaya zai lalace.

A kwamfutar matar abokin yayana na kunna sabon wasan. Jarumin ya shiga wani gari, sai ga maharbiyar a bakin ƙofa, da sabon tabo a kumatunta. Ta dube shi ta ce, "Ka daɗe. Na faɗa musu za ka dawo." Kukan da ban iya yi ba ranar jana'iza, a nan na yi shi. Da na share hawaye na ja kujera, ban daina zuwa gidan ba sai da na kai su ƙarshen labarin tare.

Tun daga ranar na gane cewa abin da mamaci ya ƙaunata, ko ƙarami ne a idon mutane, ba ya tsira da kansa. Sai wani mai rai ya tashi ya je ya ɗauko shi.