Masu Zuwa Ganin Gidan Hure

Hure 'yar Watari ce. Aure ne ya kawo ta Unguwar Dinya, ƙauyenmu da ke bayan Tofa, kuma ƙofar gidanta na kallon tawa shekara talatin da wani abu. Abin da zan faɗa a kanta da idona na ga yawancinsa.

Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Tun da hantsi za ka ji ƙamshin suya daga gidanta, kuma har daga Tofa ana aikowa sayen manta domin ba ta haɗa shi da komai. Ba mace ce mai fara'a ba. Ba ta zaman hira, biki ma sai ya zama dole, kuma idan akuyarka ta shiga mata shanya za ka ji abin da ba ka so. Ta haifi shida, ɗaya ce ta rayu, Zuliha, wadda ke aure a birni, a ɗakin haya a Rijiyar Zaki. Mijin Hure, Muntaka, manomi ne, gero da dawa da damina, albasa da rani.

Gidan ɗaki uku ne na ƙasa da rufin kwano, da zaure, da rumbu biyu, sai rijiya a kusurwar gabas. Mahaifin Muntaka ne ya haƙa ta, ya dace da ido mai ƙarfi. Da bazara, in rijiyoyin unguwa duk sun koma taɓo, ita tana nan da ruwanta. Tun da fanfon tuƙa-tuƙa ya lalace aka rasa mai gyara, gida goma sha huɗu ke ɗiba a nan, har da nawa. Hure takan yi mita in an bar mata guga a ƙasa, amma ba ta taɓa hana kowa ba.

A kakar shekarar da aka cire tallafin mai, Muntaka ya faɗi a gona yana ɗaurin dawa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ni aka kawo wa takardun asibiti in karanta, kamar yadda aka saba kawo min kowace takarda a unguwar, shi ya sa ake ce min Malama. Likita ya rubuta abin da ya faɗa musu da baki: a riƙa kai shi gashin jiki da motsa gaɓoɓi sau uku a mako, kuma watannin farko su ne masu amfani. In aka bari jijiyoyi suka sandare, ba lallai su dawo ba.

Mutumin da ba ya iya zama ba ya hawa babur, sai an yi shatar mota. A shekarar nan kuwa shatar mota zuwa birni aikin masu hali ne. Sun je sau uku, awakin Hure biyar suka koma biyu. Gonar ta gado ce, ba a raba ta tsakanin Muntaka da 'yan'uwansa ba, ba ta taɓuwa. Gidan kuwa nasa ne shi kaɗai, mahaifinsu ya ba shi tun yana da rai, a gaban shaidu, da takarda. Sai suka yanke shawarar sayar da shi su kama ɗaki kusa da Zuliha, inda adaidaita-sahu zai kai su asibiti ya dawo da su.

Mijin Zuliha ya haɗa su da wani dillali a birni, Basiru. Ya zo sau ɗaya, ya auna da ƙafa, ya leƙa rijiya, ya ce gidan zai tafi da wuri, don mutanen birni na neman fili a wajen gari. Amma ya ce ba zai iya rako kowane mai saye ba, man babur ya fi ƙarfinsa. A ba shi lambar wani namiji a unguwa wanda zai tari baƙi a bakin titi ya shigo da su, tunda baƙin maza ba sa faɗa wa gidan mutane haka kawai.

Hure ba ta yi dogon tunani ba, ta ba da lambar Iliyasu. Katangarsu ɗaya. Tare da Muntaka suke zuwa albasa, kuma shi ya ɗauko shi daga gona ranar da ya faɗi.

Ranar Asabar aka sa wa mutum na farko. Hure ba ta hura wutar suya ba, kada hayaƙi ya turnuƙe gida. Ta share tsakar gida, ta yayyafa ruwa, ta shafe bangon zaure da farar ƙasa, ta dama kunun zaƙi cike da bokiti. Matsalar ita ce Muntaka. Bakinsa ya karkace amma ana gane maganarsa, kuma ya ce ba za a shigo a kalle shi a kwance a haɗa shi da rumbu ba. Don haka aka shirya Iliyasu zai goya shi zuwa nasa zauren kafin baƙi su iso.

Ina tsaye aka ɗora masa shi a baya. Iliyasu ya yi nishi ya ce, "Yaya, kai da aka ce ba ka da lafiya, wannan nauyi fa? Yaya Hure, ashe ƙulin nan ba sayarwa kike ba, shi kike ɗura wa."

Muntaka ya yi dariya da rabin baki. Hure ta ce, "Ka dai kula da hannun, yana lilo."

Iliyasu ya ajiye shi a zaurensa, ya hau keke ya tafi bakin titi. Muka zauna a tsakar gida ni da ita, ta sa mayafinta na fita unguwa. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Can sai ga Iliyasu shi kaɗai, yana share gumi. Ya ce motarsu ce ta lalace a hanya, sun ce a yi haƙuri. Aka raba wa maƙwabta kunun, aka goyo Muntaka aka dawo da shi.

Na biyun layin mai ya riƙe shi. Na ukun rasuwa aka yi musu da safen. Na huɗu wani Alhaji ne da tafiya ta kama shi ba shiri. Duk uzurin da Iliyasu ya kawo, abu ne da ke faruwa da mutane kullum a lokacin, shi ya sa ba wanda ya yi kama da ƙarya. Kowane zuwa kuma yana cin yini guda na suya, ga sukari, ga wahalar Muntaka, wanda in an goya shi an dawo da shi sai ya kwana biyu kafaɗarsa na ciwo. Hure ta fara zargin kanta. Ta ce ko bangon baya da ya tsage ne ake gani a hoton da Basiru ya ɗauka. Ta kwaɓa ƙasa da kanta ta yaɓe shi. Ta sayar da sauran awakin biyu, wai kada warinsu ya kori mutane.

A na shida ta daina dama kunu. A na takwas ko mayafi ba ta sa ba, tana zaune bakin murhu da ba wuta tana ɓare gyaɗa. Duk safiya da yamma tana murza wa Muntaka hannu da man zafi yadda ta ga ana yi a asibiti, amma yatsun kullum ƙara dunƙulewa suke.

Akwai abin da ya kamata in lura da shi, ban lura ba. A unguwarmu ko sabon bokiti ka saya sai an tambaye ka nawa. Amma matan da ke shigowa ɗiban ruwa washegarin kowane alƙawari, babu wadda ta taɓa cewa, "Hure, baƙin naki sun zo kuwa?" Su gaishe ta, su ce ya mai jiki, su cika jarka su fita. Ni na ɗauka kara ce.

Daga nan sai alƙawuran suka ɗauke gaba ɗaya. Mako biyar ba wanda aka ce zai zo. Iliyasu ya ce Basiru ba ya ɗaga waya. Bazara ta shigo, zafi ya tsananta, gyambon kwanciya ya fara fito wa Muntaka a baya. Wata Talata Hure ta ce in zauna mata da shi, ta hau motar kasuwa ta tafi birni neman dillalin.

Ta same shi a rumfarsu ta dillalai. Yadda ta ba ni labari, ko tashi bai yi ba.

"Inna, ai ni na cire hannuna. Kin sa mutane na ganina maƙaryaci."

"Ni? Me na yi maka?"

"Gidan rigima za ki ba ni ki yi shiru? Mutum takwas na tura. Duk wanda ya je, wakilinki ya tare shi a titi ya ce gidan gado ne, ƙannen maigidan sun kai ƙara kotu, duk wanda ya saya ya sayi shari'a. Wa zai shiga?"

"Sun zo?"

"Wane irin sun zo? Ɗaya ma da matarsa ya je, suka ƙona mai a banza, ya dawo ya zage ni tas."

Takardar gidan na ƙulle a bakin zaninta. Ta kwance ta miƙa masa. Ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya tashi ya ba ta kujerarsa.

Da ta dawo ba ta shiga gida ba. Ta wuce ƙofar Iliyasu, ni kuma na biyo ta don daga zaure na ga fuskarta. Yana zaune a zaure yana gyaran fartanya, matarsa Mairo na leƙowa daga ciki.

"Iliyasu, wace kotu ce aka kai mu?"

Bai ɗago ba. Ya daɗe yana juya ƙotar a hannu, sannan ya ce, "Yaya Hure, ba ni kaɗai ba ne. Zama aka yi a gindin dinya, kowa da kowa. Ɗan birni in ya saya, bulo zai zagaye, ya sa ƙofar ƙarfe. Ina za mu sha ruwa?"

"Shi ya sa kake goya shi da safe, ka je ka kori masu zuwa da rana."

"Wallahi ba don mugunta ba ne. Cewa muka yi a ja lokaci zuwa damina, ko Allah zai kawo wata hanya."

"Zuwa damina. Malama ba ta karanta takardar likita a gabanka ba?"

A gabansa na karanta, shi ya riƙe min ambulan ɗin ma.

Ta ce, "Rijiyar nan taku nawa ce daga katanga? Huɗu. Me ya hana ɗayanku ya zo ya ce, Hure, a ja katanga a bar rijiya a waje?"

Mairo ta ce daga bayan ƙyaure, "An ce in an cire rijiyar gidan ba zai yi daraja ba, ba za ki yarda ba."

"Aka ce. Ke kullum sai kin shigo gidana sau uku, bakinki ciwo yake?"

Ni ba a kira ni wancan zama ba, mata ma ba a kira su ba, a ɗaka mazansu suka gaya musu. Ni ba ni da miji, kuma an san ba na riƙe irin wannan magana.

Daga ranar lambata Basiru ke kira, ya faɗi rana da lokaci. Hure da kanta take zuwa bakin titi ta zauna a kan dutse kusa da masu faci, ta tari baƙi ta shigo da su, tana gaba suna biye. Aka yi ta surutu wai matar aure na jan maza zuwa gida. Ba ta kula ba. Muntaka kuma ba a ƙara fitar da shi ba, labule kawai take saukewa ta ce akwai mara lafiya a ciki. Biyu sun saɓa alƙawari da gaske, ɗaya ya gani ya raina. Na huɗu wani ma'aikaci ne da ya yi ritaya yana son kiwon kaji, kuma rijiyar ce ta ja shi.

Da aka ji ciniki ya faɗa, dattawa uku suka yi sallama a zaure, suka roƙa a bar rijiyar a waje. Ta saurare su har suka gama, ta ce su jira mai gidan sabo su gaya masa. Bayan wata biyu ya zagaye da bulo. Yanzu ruwa daga Tofa 'yan garuwa ke turo mana shi, ni ma a layin nake da tsufana. Nakan ji haushinta in jarkata ta ƙare, amma ban taɓa iya cewa ga abin da ya kamata ta yi ba.

Sun tashi ana tsakiyar shuka, wata tara bayan faɗuwar Muntaka. Na bi su asibiti ranar farko saboda takardu. Ma'aikaciyar gashin, wata matashiya mai gilashi, ta kama hannunsa ta yi ƙoƙarin miƙar da gwiwar. Ya yi ƙara. Ta gwada yatsun ɗaya bayan ɗaya, ko ɗaya bai buɗe ba. Ta koma ƙafa, ta daɗe a nan, ta ce wannan wataƙila a samu ya riƙa zama da kansa, tafiya kuwa ba za ta yi alƙawari ba. Hannun ya riga ya tafi.

Ta duba katin, ta ga kwanan watan zuwansu na ƙarshe, ta dubi Hure.

"Mama, ai an gaya muku. Me ya zaunar da ku har wata nawa?"

Hure na gyara masa hula da ta zame. Ta ce, "Baƙi muke jira."

Matashiyar ba ta gane ba, ta rubuta musu Litinin da Laraba da Juma'a. Suna zuwa har yau. Yana zama da kansa in an jingina masa matashi, da hagu yake cin abinci.