Ƙullin Daddawar Batso

Ɗazu maƙwabciyata ta buɗe tukunyar daddawar batso, warin ya tsallako danga ya same ni a kan tabarma, sai hawaye. Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubuta min, don haka ka yi haƙuri da maganar tsohuwa.

A ƙauyenmu na ƙasar Gangara, can Damargu, in an gama shigar da hatsi rumbu, kakata takan tara gurguzu, ƙwayar yakuwar da ake shukawa a iyakar gona. Ta dafa shi yini guda, ta daka da ruwan toka, ta rufe a tukunya a bayan ɗaki. Mu yara mu toshe hanci muna gudu, ita tana dariya. Duk wanda zai yi tafiya daga gidanmu, ko kawuna ne mai bin ayarin raƙuma, sai ta ƙulla masa a tsumma. Takan ce, "In ka ji kewa, ka kwance ka shaƙa. Gida ne." A hannunta na koya.

Shekarar da maigidana ya rasu, shi ya shuka yakuwa da damina, amma bai ga kaka ba. Na fita takaba na tarar an tsince min gurguzun. Da ɗana na fari ya aiko in ziyarce shi a Faransa, na ce ga abin da zan kai masa, gumin ubansa na ƙarshe. Na yi daddawar, na ƙulle ta a guntun rawanin marigayin.

Ɗan nawa ne ya tarye ni a filin jirgi, ya karɓi kayana. Da muka isa gida na buɗe jaka, babu ƙullin.

"Inna, ƴan duwan masu binciken kaya ne suka cire," in ji shi. "Ba sa barin abinci ya shigo."

Na yi kuka, na yi ta yi wa mutanen da ban taɓa gani ba Allah ya isa.

Ƙasar tana da abin mamaki. Kasuwarsu ɗaki guda ce mai sanyi, ƙofarta na buɗe kanta. Kana tura keken ƙarfe, kana ɗiba da hannunka. Ba mai cewa sannu da zuwa, ba ciniki, ba gyara, ba mai tambayar mutanen gida. Har abincin kare da layinsa. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne kasuwa guda ba ƙamshi ba wari. Na ɗauki kifi a leda na kai hanci, ɗana ya kama hannuna. "Inna, ba a yin haka a nan." A benensu kuwa, maƙwabci ya wuce ka a matakala kamar ya wuce turmi.

Duk na jure, tun da ina ganin ɗana.

Rannan muka fito daga kasuwar, ya buɗe bayan mota zai zuba kaya. Hancina ne ya fara gani. Can a lungu, kusa da taya, ga guntun rawanin, ya yi baƙi da man inji. Na ɗauka na shaƙa.

"Ɗan nan, ƴan duwan sun dawo maka da tsumman ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna, warin zai cika bene, maƙwabta su kai ƙara. Na zubar."

"Ka san wa ya shuka?"

"Na sani."

Da ya ce bai sani ba, da na sami inda zan ɓoye. Ko loma ɗaya bai bari na kaɗa masa miya ba. Kuma ya zauna yana kallona ina tsine wa bayin Allah da ba su yi min komai ba.

Na dawo Damargu da tsumman a ƙirjina. Yana kira a waya, ina amsawa, ina sa masa albarka, don ɗana ne. Matan yanzu dunƙulen kanti suke jefawa a miya, masu tafiya kuma ba mai ƙulla musu komai. Ban wanke tsumman ba. Amma kullum na shaƙa, man inji ƙaruwa yake, daddawar tana tafiya.