Inabin Da Ya Tsallako Katanga

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa na baro Zango na dawo Daura, gidan da maigidana ya bar mini na shiga. Ɗaki uku ne da tsakar gida mai faɗi, ni kaɗai a ciki. Shi ya rasu shekara biyu kafin nan, 'ya'yanmu biyu kuwa mata ne, duk suna gidan aure, babbar a Kano, ƙaramar can kudu inda mijinta ke aiki. Na saba da hayaniyar aji, sai ga ni a wurin da idan na ajiye cokali a faranti nake jin ƙararsa. Na fi wata guda ina dafa abincin mutum uku, don hannuna bai iya awon mutum ɗaya ba.

Ta gabashin gidan akwai katangar ƙasa da ba ta wuce kafaɗata ba. Wani yaɗo ya tsallako ta kanta, ganyensa faffaɗa kamar tafin hannu, ya sauko har yana taɓa randata. Lokacin damina ne, na ji tsoron kada maciji ya samu wurin ɓuya, sai na ɗauko wuƙa. Na kama reshen ke nan na ji murya daga bayan katanga.

"Baiwar Allah, kada ki yanke. Lokacin askinsa bai yi ba."

Na leƙa, sai na ga wata tsohuwa siririya zaune a kan tabarma tana tsince wake. Ita ce maƙwabciyata. Daga ranar nake ce mata Inna, ita kuma ta ce mini Malama. Ita ma ita kaɗai ce a gidanta, 'ya'yanta maza duk sun watsu neman abinci. Ta gaya mini wannan yaɗon inabi ne. Marigayi mijinta direban babbar mota ne da ke zuwa Agadas, shi ya zo da reshensa a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, tun tana goyon autanta. Ban taɓa ganin inabi a jikin uwarsa ba, sai dai a tire a tasha, kuma ban taɓa zaton zai yi a ƙasarmu mai yashi ba.

Ta sa na kafa masa rumfa ta ɓangarena da itace huɗu da kara. Daga nan ta shiga koya mini shi, ba a zama ɗaya ba, sai abin da lokaci ya kawo. Da damina, in ji ta, ba a tsammanin komai daga gare shi sai ganye. Idan ya yi 'ya'ya a lokacin, tsami ne da su, kuma ruwa ke fasa su su ruɓe, don haka tsinke su take yi tun suna ƙanana. Sai ruwa ya ɗauke, an yanke gero ya shiga rumbu, sannan aiki ke farawa. Za ta hana shi ruwa kamar mako biyu, mu zage ganyen gaba ɗaya, mu datse rassan a bar wa kowanne ido biyu ko uku. Wannan shi take kira aski. Ranar da muka fara yi tare, na dubi abin da ya rage, ƙirare tsirara kamar makamashi, na ce mata mun kashe shi. Ta yi dariya har da tari, ta ce in jira. Ta tone gindin, ta zuba takin awaki da toka, ta ba shi ruwa ya sha ya ƙoshi. Kafin kwana goma kowane ido ya tsage ya fito da toho.

'Ya'yan suna ɗaurawa cikin sanyi, su nuna lokacin da zafin bazara ya fara leƙowa. Mukan ɗinka wa kowane nonon inabi, wato curin 'ya'yan, 'yar jaka da tsohon gidan sauro saboda tsuntsaye da rina. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, itace ɗaya ne, amma na gidana da na gidanta ba ɗanɗanonsu ɗaya ba. Nawa ranar yamma ke dukansa, yakan riga nata nuna, ƙanana ne masu zaƙi. Nata ranar safe yake samu, ya fi girma, da ɗan tsami-tsami a ƙarshen harshe. Mukan yi musaya ta kan katanga, ita ta fi son nawa, ni na fi son nata.

Haka kuma babu shekarar da ta yi kama da wata. Shekarar farko sanyi ya daɗe, fatarsa ta yi kauri, ya yi duhu sosai, zaƙinsa har yana kama maƙogwaro. Ta biyu ruwa ya yi jinkirin ɗaukewa, askin ya makara, zafi ya riske shi bai shirya ba, gefe ɗaya ya ƙone. Inna takan sa ƙwaya ɗaya a baki, ta rufe ido, ta faɗi abin da ya same shi, ko an cika masa ruwa, ko sanyi bai ishe shi ba. Na ce mata na taɓa karantawa cewa a ƙasashen da ake giya da shi akwai masu kurɓa su faɗi irin shekarar da aka yi. Ta ce Allah Ya tsare mu, ai wannan ba sai an kai ga haram ba, ƙwayar ma ta isa ta ba da labari.

A shekara ta uku ya yi 'ya'ya fiye da cinmu. Muka raba wa unguwa, Inna ta shanya wani a kan faifai, ni kuma na matse nawa na cika jarka, da niyyar in kai wa jikokina. Tafiyar ba ta yiwu ba, na mance da jarkar a bayan ƙofa cikin zafin nan. Bayan kwanaki na tarar ta kumbura, da na buɗe ta yi tsartuwa, kumfa ya taso da wani wari mai hawa kai. Na tsaya riƙe da murfin ina salati. Na kai ta makwarara na tuttular, na wanke jarkar sau uku, daga baya ma na yar da ita. Da na ba Inna labari, kwana biyu tana tsokanata, wai Malama guda ta buɗe sana'ar da ba a faɗa.

Shekara biyar muka yi a haka. Ba kasafai nake shiga gidanta ba, ita ma haka, katangar ta ishe mu. Bayan sallar asuba zan ji motsin butarta, in ce Inna an tashi lafiya, ta amsa, ta tambayi ƙafata, in tambayi bayanta. Sau da yawa maganar da nake yi da ɗan Adam ke nan a yini.

Wata safiya a ƙarshen damina na gaishe ta ban ji amsa ba. Na sake, shiru. Na jawo turmi na kifa na hau, sai na hango ta kwance a bakin madafa, buta a gefe ruwan ya zube. Na zagaya da gudu na kira maƙwabta aka ɓalle ƙofa. Hawan jini ne ya kayar da ita, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Babban ɗanta ya zo daga Katsina, bayan kwanaki a asibiti ya wuce da ita gidansa. Ranar da ya zo kwashe kayanta na roƙe shi ya bar mini makulli saboda inabin. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba ni kaɗai ba ne. In wani abu ya ɓata, 'yan'uwana magana za su yi." Ban ga laifinsa ba. Ya sa kwaɗo ya tafi.

Gindin inabin yana can cikin rufaffen gida, dab da katanga. Na samo guga da igiya. Nakan hau turmi in zura gugar a hankali har ta taɓa ƙasa, in karkata ta ruwan ya zube a gindin. Taki kuwa sai dai in watsa daga sama, toni ba hali. Da lokacin aski ya yi, na aske ɓangarena da iyakar inda hannuna ya kai, sauran ya yi ta yaɗo yadda ya ga dama, ya rufe rumfarta ya kama tagar ɗakinta. Daga kan turmin ina ganin ciyawa ta cinye tsakar gidan, ga murhunta da duwatsu uku yadda ta bar su.

Da bazara ta zo, nata ɓangaren ya yi 'ya'ya birjik, ba mai tsinka. Tsuntsaye suka ci iya cinsu, sauran ya zube ƙasa yana ruɓewa, iska na kawo mini warinsa har ɗaki. Wannan warin ya fi komai damuna a shekarar. Nakan idar da sallar asuba in ji bakina ya buɗe zai yi gaisuwa, sai in tuna.

Na zaɓi nono huɗu mafi kyau daga nawa, na jera a kwali da ganye, na hau mota zuwa Katsina, kwalin a kan cinyata har muka isa. Na same ta a wani ɗaki mai tsabta, surukarta na kula da ita sosai. Ta rame, maganarta ba ta fita sai da ƙyar. Da ta gan ni ta kama hannuna da hagunta ta ƙi saki. Na wanke ƙwaya ɗaya na sa mata a baki. Ta daɗe tana juya ta, ruwan na gangarowa ta gefen da ya mutu ina share mata. Can ta yi magana, ban gane ba, na kai kunnena.

"Ruwa ya yi yawa, Malama."

Gaskiya ta faɗa. Mako biyun da ake hana shi ruwa ban iya cikawa ba, kuma da ya fara nuna ma ban rage ba. Duk lokacin da zaman gidan ya ishe ni, sai in ɗauki guga in hau turmi, don shi kaɗai ne abin da zan yi ta wajen gidanta. Na ce mata baɗi zan gyara. Ta gyaɗa kai, ta nuna in ƙara mata wata.

Ba ta kai baɗin ba, cikin damina ta rasu. Ɗanta ne ya bugo mini waya bayan an dawo daga maƙabarta. Na je na yi gaisuwa na kwana biyu na dawo. A shekarar na bi ƙa'ida, na hana shi ruwa kwanakin da ta ce, ina ƙirgawa a kalanda. Ya yi zaƙi ƙwarai. Na raba wa unguwa, kowa ya ce an gode, ya yi daɗi, amma ba wanda ya san bambancinsa da na bara.

Da aka raba gado sai aka sayar da gidan ga wani matashi mai shagon kayan gini. Yaro ne mai ladabi, ya zo har zaure ya gaishe ni, ya ce zai rushe katangar ya yi ta bulo, ya kuma shafe tsakar gidan da siminti, don haka itacen ba zai tsaya ba. An gaya masa ni ke ba shi ruwa, shi ya sa ya zo da makulli ya ce in shiga in ɗebi abin da nake so kafin leburori su zo.

Na shiga da la'asar. A karo na farko na durƙusa a gaban gindin na dube shi da kyau. Ya kai kaurin damtsena, ya murɗe, ɓawonsa na saɓulewa zare-zare. Ƙasar wurin baƙa ce saboda takin shekara da shekaru, ga ɗan ramin da gugata ta haƙa. Na yanki rassa takwas masu kaurin yatsa, na cika bokiti biyu da ƙasar. Washegari ina ɗaki na ji saran gatari, ban fito ba sai da aka gama.

Ba lokacin dashe ba ne, zafi ya yi yawa. Cikin takwas biyu suka kama, gara ta cinye ɗaya. Wanda ya tsira na dasa shi a tsakiyar gida, don sabuwar katangar ta yi tsawo, tana tare ranar safe. Sai a shekara ta uku ya yi nono biyu, 'yan ƙanana, ɗanɗanonsu ba irin nawa na da ba, ba kuma irin nata ba. Ban san ko ƙasar ce ko ƙuruciyar itacen ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Babbar 'yata ta daɗe tana matsa mini in rufe gidan in koma wurinta, ciwon ƙafar tawa ma ya ƙara tsanani. Muka yi ta ja, a ƙarshe muka tsaya a kan in riƙa yin damina a Kano, tunda a lokacin inabi ba ya buƙatar kowa, in dawo da kaka. Can akwai jikoki da talabijin da baƙi, ana kula da ni, ba abin da na rasa. Duk da haka da na ji an ce sabon gero ya shigo kasuwa sai in fara haɗa kaya. Bana da na dawo na yi kwana biyu ina sharar gida da cire ciyawa, sannan na aika almakashin askin inabi wurin maƙeri a wasa mini.