Rigar da ta kori barewa

Shekarun baya, tun kafin shiga daji ya zama abin tsoro, ina sabon ango, surukina ya gayyace ni farautar barewa can bayan Dusuman. Tsohon maharbi ne, kuma na san kallon ɗan birni yake min, irin wanda ko kaza bai iya yankawa. Na ƙudurta a raina wannan fitar ce za ta wanke ni a idonsa.

Tun ana gobe ya zaunar da ni. "Ɗana, hancin barewa ya fi idonta. Ban da farin kaya, ban da wanka da sabulu. Ka riƙa barbaɗa toka ka ga inda iska ta nufa. A fuska za ta riƙa dukanka, ba a ƙeya ba."

Duk na kiyaye. Amaryata ce kawai ban yi tunaninta ba. 'Yar Maiduguri ce gaba da baya, ina za ta bari mijinta ya je gaban mahaifinta da riga salam? Ashe tsohuwar rigar da na ware ta shimfiɗa ta kan kabbasa, kwandon nan da ake kifawa kan kaskon turare, ta sha turaren wuta har ta ƙoshi. Ni kuwa hancina ya saba da ƙamshin gida, ban ji komai ba.

Da muka shiga daji ya ce in wuce gaba. Kaina ya kumbura, na ce lallai tsoho ya fara ganin darajata. Da hantsi muka hango garken barewa suna kiwo gindin aduwa. Na kama rarrafe, ƙarangiya na cina ina cije leɓe. Iska ta ɗan juya kaɗan. Babbar ta ɗaga kai, ta shaƙa, kafin in gyara bindiga sai ƙurarsu.

"Baba, wallahi ban taka ko kara ba!"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ai ko barewar Chadi ta ji zuwanka. Tun daga ƙofar gida kake tashi kamar ɗakin amarya."

Kunya ta kama ni. "To me ya hana ka ce in sauya riga?"

Ya share ido. "Turaren nan haɗin uwar matarka ne, Allah ya jiƙanta. Rabona da jin ƙamshin nan tun rasuwarta. Barewa kuwa gobe ma tana nan."

Sai a lokacin na gane abin da ya sa maharbi kamarsa ya sa ni gaba yana bina a baya.

Hannu rabbana muka koma gida, amma tun daga ranar wani sha'ani bai taɓa tashi a gidansa ba sai ya ce a kira ni. Har yau idan samari suka nemi shawarar farauta, cewa nake su fara ɓoye rigarsu daga matansu. Ni dai tawa ban taɓa ɓoyewa ba, duk ziyarar da na kai masa har ya bar duniya, sai da ta hau kabbasa.